Neman Bindiga Mai Raɗa, Daga Furana Zuwa Likoro

Tun ranar da na dawo na buɗe rumfata ta ɗinki a bakin kasuwar Ikara, ban samu na taka keke da natsuwa ba. Wannan ya zo ya ce in ba shi labarin yadda muka yi da ɗan doka a kan takanɗa, wancan ya ce shi abin da yake so ya ji shi ne ko da gaske akwai bindigar da ba ta ƙara. Har an fara bazawa wai Kano muka je, wasu ma sun kai mu Damagaram. Ba mu wuce Likoro ba, kuma tafiyar duka kwana biyar ce. Amma na ga in ban rubuta ba, nan da baɗi za a ce Masar muka taka a ƙasa. To ga shi nan, kowa ya karanta ya bar ni in gama wa mutane kayansu.

Da Kawu Mati muka tafi, ƙanen mahaifiyata, maharbi a Furana. Ba irin maharban da ke kwana a daji neman ɓauna ba ne. Aikinsa gadin gonaki. In dawa ta fara fitar da kai, birai sukan sauko daga duwatsu garke-garke, shi kuma ya zagaya da bindigarsa adaka, ya ɗura albarushi ya saki. Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki, kuma adakar nan in ta yi magana har a Ikara kaji sukan daina tono. Kunnensa na hagu ya mutu tuni. Na dama ne ya rage, shi ma ya fara ja da baya, sai an matso an ɗaga murya.

Matarsa Inna Hansai Bafulatana ce, kuma tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko a kan akuya. Ba ta faɗin sunansa. Na-daji take ce masa, a hankali, kamar mai tsoron kada kalmar ta fashe. Ka ga matsalar ke nan: shi ba ya ji sai an yi ihu, ita kuma gara ta haɗiye maganar da ta yi wa mijinta ihu maƙwabta suna ji. Gidan sai ya koma na nuni da hannu da jan gefen riga.

Ni kuwa, abokaina sun san halina da 'yan littattafan nan da ake kawowa daga Zariya a baza a tabarma ranar kasuwa. Tun da aka sami mulkin kai suka yawaita, na Hausa da na Turanci, kuma duk wanda aka zana mace tana kuka a bangonsa sai na saya. A cikin ɗaya ne na karanta wani jarumi da ya ceto masoyiyarsa da bindiga mai wani bututu a baki, wadda in an harba sai ta yi ɗan tari kawai. Na daɗe ina juya abin a raina. Sai wani direban babbar mota da na yi wa ɗinki ya ce mini ai a Likoro, kusa da tashar jirgi, akwai wani maƙeri tsohon soja wanda ya riƙe irin wannan bindiga da hannunsa a yaƙin Bama.

Na je Furana na kwashe labarin na zuba wa Kawu a kunnen dama. Na zaci zai yi dariya. Sai ya juya yana kallon madafi, inda Inna take tankaɗe.

"Haladu," ya ce, "shekara biyu ke nan ban ji ta kira ni ba. Ina dai ganin bakinta yana motsi. In na yi kakar bana da adakar nan, na san wannan ma ya tafi."

Saura mako biyu aikin gadi ya kankama. Washegari muka ɗaura niyya.

Da za mu fita, Inna ta miƙo masa zabirarsa ta fata kamar yadda take yi kullum, ta ɗan taɓa kunnenta da yatsa, ta sunkuyar da kai. Da muka hau hanya Kawu ya yi murmushi ya ce in lura, wasu 'yan kunne take so. Ya ce haka take tun tana amarya, ba za ta buɗe baki ta roƙa ba, sai dai ta taɓa kunne. Sau huɗu yana sayo mata, har da na azurfa, amma ba ta cika sawa ba, ajiyewa take yi a ƙasan kwalla. Ni dai abin ya shige ni. Na ce a raina duk littattafan da na karanta babu wanda ya kai wannan, kuma na ƙudura in na yi aure haka zan riƙa gane nufin matata tun ba ta furta ba.

Daga Furana zuwa Ikara a ƙasa muka zo, adakar a naɗe cikin tabarma, ga guzurin ƙuli-ƙuli da ɗaurin takanɗa da Kawu ya sara a bayan gida. A Ikara muka sami babbar mota mai zuwa Makarfi, aka ɗora mu a kan buhunan barkono. Wanda bai taɓa yin tafiya a kan barkono ba kada ya yi marmari. Duk ramin da motar ta faɗa, sai mutum goma sha su yi atishawa a tare. Wata tsohuwa mai kai wa 'yarta daddawa ta yi ta yi wa direba addu'ar shiriya da ƙarfi. Kawu kaɗai ne hankalinsa kwance, don ƙugin injin da ya dame mu shi ko a jikinsa. Damina ba ta gama ɗaukewa ba, sau biyu muna sauka mu tura a laka, kuma a turi na biyu ne takalmina na dama ya zauna a can.

Inda ƙasar Ikara ta ƙare ta Makarfi ta fara, akwai wata tsamiya da 'yan doka suke zama. Ɗaya daga cikinsu, dogo mai jar dara, ya hango bakin adaka ya leƙo daga tabarma, ya ce mai ita ya sauko. Ya tsaya ta hagun Kawu, wato ta mataccen kunne, ya tambaye shi ina takarda. Kawu ya ce na'am. Ya sake tambaya. Fuskar Kawu ta washe, ya ce ai akwai, mai zaƙi ma kuwa, ya juya ya zaro takanɗa biyu mafi kauri ya miƙa masa hannu bibbiyu.

Ɗan dokan ya tsaya da takanɗa a hannu, fuska a murtuke, yana tambaya ko raina shi aka yi. Na diro da ƙafa ɗaya babu takalmi ina rantsuwa cewa kawuna ba ya ji, na laluba aljihun Kawu na fito da takardar bindiga a naɗe cikin tsumma. Ya duba ta, ya dubi Kawu, ya dubi ƙafata. Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa tsamiya. Ya ce shi ma mahaifinsa ɗan bindiga ne a garinsu, kuma a ƙarshen rayuwarsa in an ce masa ga tuwo sai ya ce wa ya mutu. Ya mayar mana da takarda, takanɗar kuwa ya ce ta zama shaida, ba za ta koma ba.

A Makarfi muka kwana biyu, don ba a sami mota mai yin yamma ba. Mun sauka a zauren wani mai sayar da mazarƙwaila, abokin Kawu tun suna samari. Mutanen Makarfi rake ne rayuwarsu. Mu a wajenmu in baƙo ya zo ruwa ake fara kawo masa, can kuwa kafin ruwan ya iso an riga an dire maka gaɓar rake, kuma in ka ajiye ba ka sha ba sai a tambaye ka ko haƙori ne yake ciwo. Ko kunun safe sai an jefa masa mazarƙwaila har cokali ya kusa tsayawa. Na sayi takalmin taya a kasuwa, ƙafa biyu dole, ko da yake ɗaya na rasa.

A nan ne kuma na ga wata mai fura a gindin rimi, da zanen saƙi da idanu irin waɗanda ake rubuta littafi a kansu. Na sha fura sau uku a yini ɗaya. Na shirya magana mai kyau a zuciyata, wadda ta haɗa da wata da taurari, na je zan faɗa. Kawu da ke gefe, wanda ya ɗauka raɗa yake yi, ya faɗa da muryar da ta kai rumfar mahauta cewa in yarinyar nake so in faɗa masa ya nemi iyayenta, in daina cika cikina da fura kada in ɓata mana hanya. Ta ja gyale ta rufe baki, mahauta suka yi ta tafi. Ban sake bi ta gindin rimin ba.

Daga Makarfi muka sami motar itace ta sauke mu a ƙasar Kudan, muka ƙarasa Taba a ƙasa wajen la'asar. An nuna mana gidan babban maharbinsu, wani siririn dattijo da ake kira Baushe. Al'adarsu ta ba ni mamaki. Mu a Furana maharbi yakan shiga da bindigarsa har ɗaka ya rataye a kan gado. A gidan Baushe kuwa ba a wuce zaure da ita, sai a jingine ta a waje baki ƙasa, wai kada ta ji hirar gida. Su 'yan baka ne, kuma suna yi wa masu bindiga kallon masu ganga. Matarsa ta aiko mana da faten tsaki da yakuwa da gyaɗa, mai tsami fiye da namu, na ci har na ji kunya.

Da Baushe ya ji abin da ya fito da mu, sai ya shiga ya ɗauko bakansa ya ɗora a cinyar Kawu, ya ce ga bindiga mai raɗa nan, tun kakanni ake da ita, kuma shi yana da shekara saba'in amma yana jin tafiyar ƙadangare a kan danga. Na ga kamar an warware mana matsala. Kawu ya shafa bakan, ya yaba, ya mayar. Ya ce in ya harbi biri ɗaya da kibiya, sauran arba'in ɗin ba za su ma ɗaga kai daga dawa ba. Shi ba don ya kashe ake kiransa ba, don su ji su gudu ne. A shekara bai fi ya kayar da biri biyar ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai har safe. In ƙarar ce aikin, to me muka fito nema? Na ga shi ma Kawu maganar ta tsaya masa, kamar bai taɓa jin kansa ya faɗi haka ba.

Da hantsi muka isa Likoro, tsakanin gonakin masara da aka riga aka karye da dawa mai tsayi. Maƙerar tana bayan tashar jirgi. Maƙerin, wanda kowa ke kira Kofur, gajere ne mai faɗin ƙirji, yana gyaran garma muka same shi. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen Ikara da damina da gajiya, kuma ban gaya masa komai ba ya zagayo da kansa ya zauna ta daman Kawu. Ya ce duk mai ɗora bindiga a kafaɗar dama, kunnen hagu ne yake fara tafiya, ya ga haka a soja ba adadi.

Na kawo zancen bututun, har da yadda littafin ya ce tari kawai take yi. Ya ce abin akwai shi, ya gani wajen wani hafsa Bature, ya ma goge shi da hannunsa. Amma mai littafin nan bai taɓa tsayawa kusa da bindiga ba. Ba ya kashe ƙara, ragewa yake yi, kuma an yi shi ne don bindigar Turawa mai harsashin kwanso. Adaka mai cin albarushi da hannu, in ka toshe mata baki da wani abu, to a fuskarka za ta huce. Ya ce ko da zai iya ƙerawa ba zai ƙera ba, don hukuma ba ta yarda ba, shi kuma ya gama zaman bariki.

Na ji kamar in nutse. Ni na taso da dattijo daga gidansa, na hau da shi kan barkono, a kan maganar littafi. Kawu kuwa sai ya ce tunda an zo, Kofur ya duba masa kunamar adakar, tana ɗan sassauci. Kofur ya duba ya ɗaure, ya ce a ɗura a gwada a bayan maƙera. Kawu ya buɗe zabira ya fito da ƙahon albarushi, ya fito da wasu 'yan dunƙulen auduga guda biyu, kowanne kamar ɗan magarya, an shafe su da man kaɗanya, kowanne da ɗan jan zare yana reto. Ya ɗauki ɗaya zai tura a bakin bindiga. Kofur ya riƙe masa hannu, ya tambaye shi mene ne wannan.

Kawu ya ce matoshi ne, mai ɗakinsa take yi masa. Da alfahari ya faɗa. Ya ce sauran maharba tsumma suke yagawa, shi kuwa tun satin da aka kawo ta, duk ranar da zai fita sai ya tarar da guda biyu a zabira, ɗaya na bayan albarushi ɗaya na bayan harsashi. In sun ƙare ne yake komawa tsumma.

Kofur ya ɗora ɗaya a tafin hannunsa yana juyawa. Ya nuna mana yadda aka murza kansa ya yi tsini, gindin ya yi faɗi.

"Malam Mati, kullum biyu take sawa?"

"Kullum biyu."

"Ko za ka yi harbi goma a ranar?"

"Biyu dai."

"To abin da wuta za ta fitar ta baki, me zai yi da zaren jawowa?"

Kawu ya dubi zaren. Ya ce a da fari ne, gajere, daga baya ta ƙara masa tsawo, shekarun nan kuma ta koma rina shi ja. Shi ya ɗauka ado ne irin na mata.

Kofur ya matso. Ya kama kan Kawu kamar wanzami, ya murɗa ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu, suka zauna daram kamar an auna. Ya ce haka masu harba igwa suke yi a yaƙi, sai dai nasu bai kai wannan kyau ba. Ya ɗura adakar da tsumma ya miƙa masa. Kawu ya saita sama ya ja kunama. Tattabarun tasha suka tashi gaba ɗaya, ni kaina sai da kunnena ya yi ta ƙugi. Kawu kuwa ya sauke bindiga a hankali, ya ja jan zaren nan na dama, audugar ta fito sumul. Ya ce ya ji ta, amma daga nesa, kamar a garin maƙwabta ake yi. Babu kukan nan da yakan biyo baya ya yini a kansa.

Sai ya zauna a kan kututture, ya daɗe yana kallon audugar. Ni ne na tuna da yatsan Inna a kan kunnenta ranar da za mu fito, kuma ina jin a daidai lokacin shi ma ya tuna, don ya ɗago ya dube ni.

"Haladu," ya ce, "'yan kunne huɗu."

Kofur ya nemi a ba shi labarin, na ba shi, ya yi dariya har da hawaye. Kawu ma ya yi, amma tasa ba ta yi tsawo ba. Kofur ya gaya masa gaskiya, cewa na hagu ya riga ya tafi, abin da na dama ya rasa ma ba zai dawo ba. Amma abin da ya rage zai iya kai shi tsufa in ya daina ɗura wa bindiga rabonsa.

Dawowa a jirgin ƙasa muka yi zuwa Gimi, karon Kawu na farko, daga nan mota. Bai kalli taga ba ko sau ɗaya. Lissafi yake yi da baki na yadda abin ya faru: amarya ce, ba ta iya yi masa magana ba, ta sa masa a zabira. Shi kuma ya dawo ya yabe ta a gaban abokansa cewa ba a taɓa yi wa bindiga matoshi irin nata ba. Bayan wannan yabo, ta yaya za ta buɗe baki ta ce maigida ya yi kuskure? Shekara ta bi shekara, maganar tana ƙara nauyi. Sai ta ƙara zare, ta rina shi, ta taɓa kunne. Na ce masa ai da ta faɗa wa wata ta faɗa masa. Ya ce in na yi aure zan gane, wadda za ta kai kuskuren mijinta waje ba Hansai ba ce.

Mun shiga Furana da yamma, rana ta yi sanyi. A ƙofar gida Kawu ya tsaya, ya buɗe zabira, ya sa audugar nan biyu a kunnuwansa, jajayen zaren suna reto har wuya. Haka ya yi sallama ya shiga, ni ina biye da tabarma.

Inna tana tsakar gida tana gurzar auduga a kan dutse. Ta ɗago za ta yi mana sannu, idonta ya sauka a kan zaren. Hannunta ya tsaya. Ta dube shi, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Kawu ya je ya durƙusa kusa da dutsen, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya kama zaren dama ya ja, ya ajiye audugar a tafin hannunta, ya kawo kunnen dab da mayafin.

Ta yi magana. Ni da nake da kunne biyu lafiyayyu, taku uku tsakanina da su, ban ji ko harafi ɗaya ba.

Kawu ya ce, "Na'am."